Fetur da Iskar Gas a Inji Ɗaya: Abin da Direban Mafara Zai Tambaya Kafin Ya Ɗaura Tukunya

Duk ranar Talata, tun da hantsi tashar motar Talata Mafara take cika. Ƙananan motoci ƙirar Golf da Sharon da bas-bas suna shigowa daga Bakura da Maradun, wasu daga garuruwa irin su Damri, an danƙare su da buhunan shinkafa da albasa da sauran amfanin gonakin Bakolori, wasu kuma sun bi layi suna jiran fasinjan Gusau ko Sakkwato. Hirar da ake yi a rumfar 'yan kamasho ba ta cika wuce abu biyu ba, lafiyar hanya da kuɗin lita. Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya furta a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta ƙetare 1,000. Direban da a da yake cire kuɗin mai daga cinikin rana ya ga saura, ya wayi gari gidan mai ne babban abokin rabonsa. Daga nan maganar juya mota zuwa iskar gas ta shigo hira, tambayoyin da ke biyo ta kuma kullum a kan tukunya suke: nawa take, ina za a ajiye kaya idan ta cinye but, kuma ba za ta fashe ba?

Tambayoyi ne masu kan gado, amma sun bar babbar a baya. Tukunya ma'aji ce kawai. Abin da ke yanke hukuncin ko mota za ta ja lodi, ko za ta sha mai daidai, ko injinta zai kai shekaru ko ya ƙone bawul cikin watanni, shi ne wani ɗan akwatin lantarki da bai wuce tafin hannu ba, da kuma mutumin da ya saita shi. A yanki irin wannan, mai nisa da bututun gas, inda dole mota ta riƙa komawa kan fetur a kai a kai, nauyin da ke kan akwatin nan ya fi wanda ke kansa a Abuja ko Legas.

Yadda maganar ta taso

Najeriya tana da ɗimbin arzikin iskar gas, domin abin da aka tabbatar yana ƙarƙashin ƙasarta ya haura kubik ƙafa tiriliyan 200. Tun wajen 2010 kamfanin NIPCO yake sayar wa 'yan tasi iskar gas ta mota a birnin Benin, a Disamba 2020 kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da nata shirin, amma muddin fetur yana da araha ba wanda ya waiwaya. Cire tallafi ne ya sa aka kafa shirin fadar shugaban ƙasa na CNG, wato iskar gas da aka matse, a 2023, da burin juya motoci miliyan ɗaya zuwa 2027. An yafe wa kayan juyin kuɗin fito da harajin VAT, an kuma yi wa direbobin haya tayin juyi kyauta ta hannun ƙungiyoyinsu, alhali mai motar gida yana biyan abin da ya kai miliyan ɗaya ko fiye. Lissafin da ke jan hankali shi ne kubik mita ɗaya na gas yana yin tafiyar da litar fetur ke yi, ko ya ɗan ɗara, ga shi a 2024 ana sayar da shi wajen naira 230. A 2025 farashin ya tashi zuwa kusan 380 a wurare da dama, duk da haka tazarar tana nan da faɗi.

Abin da birenbos ke yi kafin a zo maganar gas

Mafi yawan motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau ba su da kafireto. Ƙaramar kwamfuta ce ta gaje shi, wadda kanikawa ke kira birenbos, kuma duk aikinta shawara biyu ce da take maimaitawa sau dubbai a minti guda: yawan man da za a fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ba ta ganin inji, sai abin da sensoshi suka gaya mata. Akwai wadda ke jikin karanshaf tana faɗin saurin juyin inji da inda fistan yake, akwai mai auna iskar da ke shiga, akwai mai lura da yadda aka taka totur, akwai mai auna zafin ruwan inji. Daga waɗannan take lissafa tsawon lokacin da za ta buɗe kowace nozul, lokacin da bai wuce 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa ba. Abin da take nema shi ne kilo ɗaya na fetur ya gamu da kilo 14.7 na iska, domin a nan ne mai ke ƙonewa tsaf.

Sai kuma sensa ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce muhimmanci ga batunmu. Tana zaune a bakin salansa tana auna oksijin da ya rage a hayaƙi. Idan ya yi yawa, birenbos ta gane mai ya yi kaɗan, ta ƙara. Idan ya yi ƙaranci, ta rage. Wannan gyara ba ya tsayawa, kuma ba a nan take kawai yake aiki ba, domin birenbos tana ajiye abin da ta koya. Idan ta lura kullum sai ta ƙara kashi goma cikin ɗari kafin hayaƙi ya daidaita, sai ta rubuta wannan a matsayin sabuwar ƙa'ida ta ci gaba da aiki da ita gobe da jibi. Wannan ajiya ce ke sa tsohuwar mota ta ci gaba da tafiya lafiya duk da lalacewar shekaru, ita ce kuma ƙofar da mugun juyi ke bi ya ɓata mota har a kan fetur.

Gas ba fetur ba ne

Iskar gas ta mota kusan duka metan ce, kuma halinta a cikin silinda ya saɓa da na fetur ta ko'ina. Tana buƙatar iska fiye da shi, wajen kilo 17 ga kilo ɗaya. Fetur yana shiga ne a matsayin ɗigon ruwa da bai cika cin wuri ba, ita kuwa tana shiga a matsayin iska, ta ture kusan kashi ɗaya cikin goma na iskar da inji zai shaƙa, shi ya sa motar da aka juya take rasa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfinta ko da an yi aikin daidai. Duk wanda ya ce wa direba ba zai ji bambanci a hawa da lodi ba, talla yake yi masa. Ta wani gefen kuma tana da juriya: ma'aunin oktan nata ya kai wajen 120, na fetur kuwa yana wajen 90, don haka ba ta saurin kamawa da kanta ta sa inji ƙwanƙwasa. Sai dai tana ci a hankali. Idan fulogi ya ba da wuta a lokacin da aka tsara wa fetur, fistan zai yi nisa da sauka kafin wutar ta gama ci, ƙarfi ya tafi a banza, ragowar zafin kuma ya fita ta kan bawul ɗin hayaƙi. Maganin wannan shi ne a gabatar da taimin da 'yan digiri idan mota tana kan gas, a mayar da shi yadda yake idan ta koma fetur, abin da wata 'yar na'ura da ake haɗawa da wayar sensar karanshaf take yi. Masu juyin arha sukan tsallake ta.

Akwai wani bambanci da ya shafi ƙasarmu kai tsaye. Litar fetur da asuba a watan Janairu da litar fetur da azahar a watan Afrilu kusan abu guda ne. Iska ba haka take ba, tana kumbura da zafi, tana tsukewa da sanyi, yawanta kuma yana bin matsin da ke bayanta. Nozul ɗin da aka buɗe na lokaci iri ɗaya zai saki gas mai yawa a sanyin hunturu, ya saki kaɗan a bazara lokacin da zafin Zamfara ke haura digiri 40, ƙarƙashin bonet kuma ya ninka haka. Sukurun da aka ɗaure sau ɗaya a gareji ba zai bi wannan canji ba, sai kwamfutar da ke aunawa tana gyarawa.

Akwati na biyu

Hanyar juyi mafi tsufa kuma mafi sauƙi ita ce a sa wani zobe mai ramuka a bututun da iska ke bi zuwa inji, inji ya riƙa zuƙo gas da kansa, bakanike ya saita yawan da sukuru yana saurare da kunne. An inganta wannan daga baya, aka sa ƙaramin moto da ke buɗe hanyar gas ko tsuke ta bisa abin da sensar oksijin ta faɗa. Amma tsarin da ya dace da motocin da ke da nozul a kowace silinda shi ne wanda ake huda manifol a dasa wa kowace silinda nata nozul na gas, a kuma kawo akwatin lantarki na biyu. Kamfanonin Italiya irin su Landi Renzo da BRC da Lovato sun yi suna a wannan sana'a, kayan China da Indiya da Turkiyya kuma suna bin tsari iri ɗaya.

Akwatin na biyu tafinta ne. Ana yanke wayoyin da suka taso daga birenbos zuwa nozul na fetur a bi da su ta cikinsa. Birenbos tana ci gaba da ba da umarninta kamar yadda ta saba, ba ta san an canza mai ba, domin akwatin yana mayar mata da amsar lantarki irin wadda nozul na fetur zai bayar. Shi kuma sai ya karɓi umarnin, a ce buɗewar kashi uku cikin dubu na daƙiƙa, ya juya shi zuwa abin da ya yi daidai da shi a gas, ya ƙara ko ya rage gwargwadon zafin gas ɗin da matsinsa da zuƙar manifol, waɗanda yake aunawa da nasa sensoshin, sannan ya buɗe nozul na gas na wannan silindar a daidai lokacinta. Hikimar tsarin ita ce duk ilimin da masu ƙera motar suka zuba a birenbos bai tafi a banza ba. Rauninsa kuma a nan yake, domin tafinta ba ya gyara maganar mai magana. Idan birenbos tana ba da umarnin kuskure saboda wata sensa ta mutu, akwatin gas zai isar da kuskuren cikin amana.

Motocin da suka fito daga masana'anta da mai biyu ba su da wannan ɓoye-ɓoye. Maruti Suzuki na Indiya yana sa akwatuna biyu masu magana da juna, Tata yana amfani da guda ɗaya mai ɗauke da lissafin kowane mai, Fiat kuwa tun 2006 ya fitar da Siena Tetrafuel a Brazil, mai iya aiki da mai iri huɗu. Irin waɗannan suna zuwa da bawul da mazauninsa masu tauri da aka yi domin gas. Amma motar da ke lodi a Mafara 'yar Kwatano ce da ta ga jiya ta ga yau, juyi ne rabonta.

Daga fetur zuwa gas, daga gas zuwa fetur

Ana cika tukunya da matsin da ya kai bar 200, alhali tayar mota ba ta wuce biyu da ɗoriya. Kafin gas ya isa nozul sai rigileta ta sauko da shi zuwa wajen bar biyu. Iska idan ta fita daga babban matsi zuwa ƙarami sanyi take yi ƙwarai, har ta iya daskarar da rigileta, don haka ake jawo tiyon ruwan zafi daga inji a zagaya da shi ta cikinta. Dalilin ke nan da motar ke tashi a kan fetur. Akwatin gas yana jira sai rigileta ta kai digiri 30 zuwa 40, inji kuma ya kai wani sauri, sannan ya buɗe bawulolin lantarki, ya riƙa sauya silinda ɗaya bayan ɗaya don kada mota ta yi tsalle. Idan gas ya kusa ƙarewa matsi ya faɗi, shi da kansa yake mayar da ita fetur, ya yi 'yar ƙara don direba ya sani. Idan inji ya mutu, ko da makulli yana buɗe, nan take yake rufe hanyar gas.

Tukunyar da aka fi ɗaura wa ƙaramar mota, mai cin lita 60 zuwa 65 na ruwa, tana ɗaukar kubik mita 12 zuwa 14 na gas, wato tafiyar kilomita 150 zuwa 200, ita kanta kuma nauyinta ya kai na babban mutum. Tsakanin Gusau da Sakkwato ya ɗara kilomita 200, Mafara kuma tana kusan tsakiya. Ma'ana, direban wannan hanya ba zai taɓa zama ɗan gas zalla ba. Kowane sawu zai haɗa da mai biyu, kuma a nan mugun saiti ke cizo sau biyu. Idan akwatin gas yana ba da ƙasa da abin da ake buƙata, birenbos za ta yi ta ƙari har ta ajiye shi a matsayin ƙa'ida. Da an koma fetur sai ta ci gaba da wannan ƙari, mota ta riƙa shan mai mai tsada fiye da kima tana baƙin hayaƙi, har sai ta sake koyo. Ribar da aka samu a rabin hanya sai ta zube a ɗaya rabin. Haka kuma direban da ya bar tankin fetur ƙaf don yana ganin ya rabu da shi, yana iya ƙona famfon mai, domin a yawancin juyi famfon yana ci gaba da juyawa, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi.

"Gas yana cin inji"

Wannan ita ce sukar da aka fi ji daga bakin kanikawa, kuma ba a banza suka faɗa ba. Fetur yana sanyaya bawul idan ya ratsa shi, yana kuma barin wani ɗan shafi a mazauninsa. Gas busasshe ne, ba ya yin ko ɗaya. A injunan da mazaunin bawul ɗinsu ke da laushi, bawul yakan riƙa nutsewa a hankali har ya daina rufuwa sosai ya ƙone. Amma abin da ke hanzarta wannan sananne ne: gas ya yi kaɗan iska ta yi yawa a lokacin da mota ke jan nauyi, da kuma taimin da ba a gabatar ba. Dukansu matsalar saiti ce. Akwatunan zamani ma ana iya umartar su su riƙa haɗawa da ɗan fetur idan inji ya ɗauki wuta sosai. Idan aka yi haka, aka kuma riƙa duba tazarar bawul da fulogi a kan kari, gas yana da nasa alheri, domin ba ya wanke bangon silinda, ba ya tara baƙin dauɗa, baƙin mai kuma yana daɗewa bai gurɓata ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da motocinmu ke ciki tun kafin a kawo su wurin juyi. Al'ada ce a garejojin ƙasar nan a cire tamostat da sunan ƙasarmu zafi gare ta, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Inji irin wannan yana daɗewa bai yi ɗumi ba, musamman da asubar hunturu, don haka rigileta ba ta samun zafin da take jira, birenbos kuma tana ci gaba da ba da mai irin na injin da bai farka ba. An saba fasa salansa a cire matatar hayaƙi da ake kira indomi a sayar, a bar sensar oksijin a mace ko a tsinke wayarta. Fitilar gargaɗin inji kuwa, wasu cire ƙwan suke yi don mai saye kada ya gani. Ga ƙurar hanyoyin Bakura da Maradun da ke toshe matatar iska ta dusashe sensar da ke bayanta. Fetur yana da haƙuri, yakan yi tafiya a cikin duk wannan ɓarna, sai dai ya ƙara sha. Gas ba shi da wannan haƙuri, fulogi ko koyil mai rauni kaɗai ya isa ya sa shi yin tari ta baya. Duk wanda ya ɗora akwatin gas a kan irin wannan mota bai gyara ta ba, idan inji ya lalace sunan gas ne zai ɓaci, alhali cutar ta riga shi zuwa.

Ana iya cewa, to ai Golf ɗin da ke cika tashoshinmu tsofaffi ne, me ya kai su ga wannan dogon lissafi, ba sai a sa musu zobe mai arha ba? Akwai gaskiya a nan. Golf 3 mai inji 1.8, wanda aka yi a shekarun 1990, yawancinsa nozul ɗaya tak gare shi a saman manifol, tsarin Mono-Motronic na Bosch, don haka ba shi da umarnin silinda-silinda da akwatin zamani zai fassara. Zobe ne ya dace da shi. Amma ko a nan, zoben da ke sauraron sensar oksijin ya fi wanda aka ɗaure da sukuru nesa ba kusa ba, domin shi kaɗai ke bin zafi da sanyi da bambancin gas ɗin gidan mai ɗaya da wani. A motocin da suka zo daga baya masu manifol na roba kuwa, zobe ganganci ne, domin yana cika manifol da haɗin gas da iska, tari ɗaya ta baya zai iya farfasa shi. Araha ba ta ado.

Tsoron tukunya

A Oktoba 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas na NIPCO a birnin Benin, mutane suka jikkata, hotunan suka zaga wayoyi har ƙauyukan da ba su taɓa ganin famfon gas ba. Hukumomi sun bayyana cewa tukunyar ta haɗin gida ce da aka yi wa walda. Tukunyar gaskiya ba ta da ɗinki ko ɗaya, ana gwada ta da matsin da ya ninka na aikinta sau ɗaya da rabi, tana da bawul da ke sakin gas idan wuta ta kama maimakon ta fashe, an kuma buga mata lamba da ranar da wa'adinta zai cika, yawanci shekara 15 zuwa 20, tare da dubawa duk bayan 'yan shekaru. Tukunyar girki ba ta cika ɗaukar fiye da bar goma ba, wanda ya kai ta famfon bar 200 ya ɗauki ajalinsa a but. Metan ta fi iska rashin nauyi, idan ta tsiyaya sama take yi, ba ta kwanciya a ƙasa kamar fetur ko gas ɗin girki, kuma ba ta kamawa sai ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin. Haɗarin tukunya na gaske ne, amma irin wanda ido da takarda ke iya kamawa ne. Ɗan yuniyon da aka koya wa karanta lambar da ke wuyan tukunya zai iya hana shi. Mugun saiti kuwa ba ya ganuwa sai inji ya kwanta.

Ina gas ɗin yake?

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ke cewa duk wannan zancen birni ne. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a Yuni 2020 aka kuma ɗage ranar gama shi sau da dama, bai bi ta Zamfara ba. Duk gas ɗin da zai zo nan sai an ɗauko shi a tirela, ko a matse ko a mayar da shi ruwa, irin yadda kamfanin Greenville ke jigilar gas ɗin da aka mayar ruwa daga Rumuji ta jihar Ribas zuwa Kaduna, kuma kowace kilomita tana cin wani abu daga arhar. Ga matsalar tsaron hanya da ba sai an yi wa ɗan Bakura bayaninta ba. Fetur ana samunsa a galan da kwalba wurin 'yan bumburutu a garin da ba gidan mai. A lokacin da gwamnatin jiha ta hana sayar da shi a jarka a 2021 saboda tsaro, mutane sun ga yadda rayuwa ta rataya a kan wannan ƙaramar sana'a. Gas ba ya shiga kwalba. Sannan a gari kamar Damri, fetur ya fi tafiya a babura da injunan ban-ruwa bisa motoci, kuma ko da yake Bajaj ya fitar da babur mai gas da fetur a Indiya a Yuli 2024, manomin rani ya fi kusa da samun sauƙi daga famfon hasken rana. Pakistan ma darasi ce: ta juya motoci kusan miliyan uku a shekarun 2000, sai gas ya gaza, direbobi suka koma kwana a layi.

Duk wannan haka yake, kuma mutumin da motarsa ba ta wuce Maradun zuwa Mafara ba shi da dalilin sayar da bijimi ya ɗaura tukunya kafin ya ga famfo a kan hanyarsa. Amma sukar ba ta rushe maganar ba, ƙarfafa ta take yi. Inda gas ba shi da tabbas, darajar motar tana cikin iya sauya mai ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba, wannan kuwa aikin akwati ne. Kuma motocin ba za su jira bututu ba. Bas-bas da aka juya a Kaduna da Kano da Abuja suna bin hanyar Sakkwato, suna kuma iya lalacewa a Mafara kamar kowace mota. Nan gaba kaɗan za su shigo kasuwar na hannu, mai saye ya gaji saitin da bai san wanda ya yi ba. Bakaniken da bai san abin da ke gabansa ba, abin da zai fara yi shi ne ya yanke wayoyi ya haɗa kai tsaye, har da na bawul ɗin da ke rufe gas idan inji ya mutu.

Wa zai riƙe kwamfutar?

Saita akwatin gas ba sihiri ba ne. Ana haɗa shi da kwamfutar hannu, a bar shi ya gwada kansa mota tana tsaye, sannan a fita titi a kwatanta. Idan lokacin da birenbos ke buɗe nozul a kan fetur ya yi daidai da wanda take bayarwa a kan gas, a kowane sauri da kowane nauyi, fassara ta yi kyau. Idan gyaran da take yi ya haura kashi goma cikin ɗari, da sauran aiki. Motar haya kuma da lodi ya kamata a gwada ta, tunda ba wanda ke tuƙa Sharon fanko daga kasuwar Talata. Na'urar karanta birenbos ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba a yau, kuma motocin Amurka tun 1996, na Turai masu fetur tun wajen 2001, duk suna da kafar da ake soka ta. Masu wayarin da suka koyi gyaran wayar salula da haɗa sola ba tare da sun shiga aji ba, wannan ba zai gagare su ba.

Cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya da hukumar harkar motoci ta NADDC suna horar da masu juyi, amma horon ya fi taruwa a inda gidajen gas suke. Kwalejin fasaha ta Abdu Gusau tana nan cikin Talata Mafara, kuma gajeren kwas na 'yan makonni ga kanikawa da masu wayarin ƙananan hukumomin Mafara da Bakura da Maradun ba ya buƙatar jiran tirelar gas ko ɗaya, tunda rabin darasin a kan motar fetur ake yin sa. Ribar farko ma a nan za ta fito: motar da aka mayar wa tamostat da sensar oksijin tana rage shan fetur tun ba a juya ta ba. Su kuma shugabannin tasha, idan tayin juyi ya iso gare su, suna da damar gindaya sharaɗi cewa kada a karɓi mota daga hannun mai juyi sai da takarda mai ɗauke da lambar tukunya da ranar ƙarewarta, sunan akwatin da aka sa, sakamakon karatun birenbos kafin aiki da bayansa, da ranar da za a dawo a sake duba saiti da tazarar bawul.